Jan Yis na Raunin Itace

A ƙasashen sanyi, da zarar ƙanƙara ta fara narkewa, saiwoyin wasu itatuwa sukan tunkuɗo ruwa sama da ƙarfi tun kafin ganye ya toho. Idan iska ta karya reshe, ko an sare itacen an bar kututture, sai ruwan nan ya yi ta tsiyaya a kan ɓawo har tsawon makonni. Bishiyar Betula mai farin ɓawo ta yi fice wajen wannan. Ruwanta garau ne, sukarin cikinsa bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba, amma wannan ɗan zaƙin ya ishi ƙananan halittu su kafa gari.

Da fari ruwan yakan yi fari, ya yi kauri kamar koko, saboda yis iri-iri da suka fara sauka a kansa. Ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓen ɗan itace suna cikin masu ɗauko su daga wannan rauni zuwa wancan. Bayan 'yan kwanaki sai launin ya juye zuwa ja ko ruwan goro, yayin da wasu yis masu launi da funfuna irin su Fusicolla suka mamaye wurin. Mai karatu da ya san yadda ruwan kwakwar manja ko na tukurwa yake yin kumfa ya yi tsami jim kaɗan da tatsa, har ya zama bammi, ya riga ya ga irin wannan aiki, sai dai masu yinsa a can dabam ne.

Yawancin masu wucewa ƙyamar wannan yauƙi suke yi. Herman Phaff kuwa, wani masani haifaffen ƙasar Holan da ya koyar a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, nemansa yake yi. A cikin shekarun 1960 shi da abokan aikinsa sun bi dazuzzukan duwatsun Japan da na Alaska suna kankaro shi daga jikin itatuwa. A cikin abin da suka tara aka sami wani jan yis mai ban mamaki: jajayen yis da aka sani ba sa juya sukari ya zama barasa, amma shi yana iyawa. A 1976 aka raɗa masa suna Phaffia rhodozyma don girmama Phaff.

Jan launin nasa daga wani sinadari ne mai suna astazantin, ɗan'uwan sinadarin da ke ba karas da manja launinsu. Ba ado ba ne. Raunin itace fili ne da rana ke duka, kuma haske da iskar oksijin sukan haifar da abubuwan da ke lalata ƙwayar halitta. Astazantin shi ne garkuwar da ke tare su.

To, a nan ne maganar ta shiga kasuwa. Kifin samon na teku yana samun jan namansa ne daga ƙananan jatan lande da yake ci, waɗanda ke ɗauke da astazantin. Wanda aka kiwata a keji, kamar yadda ake yi a Norwe da Cile, ba ya samun wannan abinci, don haka namansa yakan fito fari-fari, masu saye kuma ba sa so. Dole a zuba masa sinadarin a cikin abinci, kuma yana da tsada ƙwarai. Sai masana suka koma kan yis ɗin Phaff. Aikin bai zo da sauƙi ba. Wanda aka ɗebo daga daji ɗan kaɗan yake samarwa, bangon ƙwayarsa yana da tauri har kifi ba ya iya narkar da shi sai an fasa, ga shi ba ya son zafi: ya fi bunƙasa a wajen digiri 20 zuwa 22 na ma'aunin Salshiyas, saboda haka sai an kashe kuɗi wajen sanyaya tukwanen renonsa. An yi shekaru ana zaɓen irin da ya fi ja, har a shekarar 2000 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a sa shi cikin abincin kifin. Duk da haka, astazantin da ake haɗawa a masana'anta ya ci gaba da riƙe mafi yawan kasuwar, don ya fi arha.

A 1995 masanin Rasha Golubev ya gano yadda wannan yis yake haihuwa ta hanyar jinsi, abin da aka daɗe ana nema, ya kira wannan siffa Xanthophyllomyces dendrorhous. An kuma daɗe ana zaton arewacin duniya kaɗai yake zaune, sai a cikin shekarun 2000 aka same shi a dajin Patagoniya na Ajantina. Can ba a ruwan itace yake ba, a jikin wani naman gwari mai zaƙi ne da ake kira Cyttaria, wanda ke tsirowa a rassan itatuwan Nothofagus. A jikin waɗannan itatuwan ne kuma a 2011 aka gano Saccharomyces eubayanus, kakan yis ɗin da masu giyar Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da shi ba tare da sanin asalinsa ba.