Labarin Kanta: Tatsuniya ne, ko Almara, ko Tarihi?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan waɗansu kalmomi da muka saba cakuɗawa, watau tatsuniya, almara, hikaya, ƙissa, da labari. Mutum ya ɗauko wadda ta fara zo masa a baki ya aza wa zance, alhali kuwa kowacce da irin kayan da take ɗauka. Mu nan Birnin Kebbi da Argungu abin ya fi shafarmu, gama duk sa'ad da aka kawo zancen Muhammadu Kanta, sai wani ya ce tarihi ne, wani ya ce ai tatsuniya ce, har ran dattawa ya ɓaci.

Tatsuniya ba ta ɓoye kanta. Mu mutanen yamma gatana muka fi ce mata, daga kalmar da ake buɗe ta da ita. Tsofaffin mata ke yi wa yara ita da dare, har ana tsoratad da yaro cewa wanda ya yi ta da rana zai ɓace a kasuwa. Gizo da Ƙoƙi da Dodo su ne mutanenta, in an ƙare kuwa mai yin ta da bakinta za ta ce ba domin Gizo ba da ta yi ƙarya. Wanda ya gaya maka tun da fari cewa ƙage zai yi, ai bai cuce ka ba. Almara ta fi zama a bakin manya. Sau da yawa takan ƙare da tambaya, a ce cikin mutum uku nan wa ya fi gwaninta, sai gardama ta tashi a zaure, ba kuwa mai tambaya ko abin ya faru. Hikaya da ƙissa daga Larabci muka aro su. Hikaya labari ne na koyar da hankali da malamai ke kawowa, ƙissa kuwa ta Annabawa ce da bayin Allah, ba mai kiranta ƙage. A kula, ba ita ce kissa irin ta mata ba, ƙugiyar harafi ɗaya ta raba su. Labari shi ne babban buhu, yana ɗaukar gaskiya yana ɗaukar ƙarya, shi ya sa in an so rarrabewa yau ake cewa ƙagaggen labari.

Wannan cakuɗe ba yau ya soma ba. Frank Edgar ya buga littattafai uku tsakanin 1911 da 1913 ya sa musu suna Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, amma a cikinsu har da labarun yaƙe-yaƙe da na sarakuna. A 1933 kuma, da Rupert East na Zariya ya nemi malamai su rubuta littattafai daga kansu, ya sha wuya kafin su yarda, domin a wurinsu alkalami na ilmi ne, ƙage kuwa aikin tsofaffi da yara ne. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar. Dubi Gandoki na Malam Bello Kagara: ya soma da yaƙin Turawa na gaske, ya zarce ƙasar aljannu. Ina sunan da za a ba shi cikin tsofaffin sunayen nan?

To, mu komo ga Kanta. Akwai abin da ba shakka a kansa. Abdurrahman Sa'adi na Tumbutu ya rubuta cikin Tarihus Sudan cewa Kanta ya bi Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, aka saɓa a kan rabon ganima, ya yi tawaye wajen 1516, rundunar Sanwai kuma ta kasa mai da shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo zancensa cikin Infaƙul Maisuri. Kufan birninsa Surame yana nan da ganuwarsa ta dutse, a cikin Jihar Sakkwato ta yanzu, kowa ya je ya gani. Wannan tarihi ne, kamar yadda cin Birnin Kebbi da Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi a 1805 tarihi ne, da tashin Yakubu Nabame a 1849.

Amma akwai kashi na biyu, wanda ya fi daɗi a kunne. Ana cewa da ake ginin ganuwar Surame, Nufawa suka makara, Kanta ya hana su ruwa, ya ce da man kaɗe za su kwaɓa rabonsu. Ana cewa kuma da Sarkin Barno ya kewaye birnin, Kanta ya sa aka jingina gawawwaki a kan ganuwa da bakuna a hannu, aka tsaga musu baki kamar suna dariya, Barebari suka ga mutanen da ba su gajiya, suka janye. Daga nan aka sami "dariya ba loto". Dattijon da ke ba ka wannan ba ya buɗewa da gatana, ba ya jiran dare, ba ya rufewa da Gizo. Yakan kama sunan mutum da sunan wuri, ya ce daga kakansa ya ji. In ka ce masa tatsuniya ce ka zage shi, ka mai da kakan Kabawa abokin Ƙoƙi. In kuwa malamin makaranta ya rubuta a allo cewa tarihi ne, daidai da shekarar 1805, ran da yaron ya girma ya ga man kaɗe ba ya isa ginin ganuwa, sai ya watsar da Kanta duka, da na gaskiya da na ƙari.

Malaman Hausa na jami'o'i sun ƙago wa irin wannan suna, suka ce tarihihi, watau abin da ya yi kama da tarihi, yana da gindi cikin gaskiya amma baki ya yi masa rassa. Na san kalmar ba ta shiga kasuwa ba, ni kaina ban taɓa jinta a bakin masunci ba. Duk da haka ina ganin ta fi almara dacewa da labarun Surame, gama mai almara ya san ƙage yake yi, mai ba da labarin man kaɗe kuwa ya gaskata abin da yake faɗi. Labarin ma yana nuna abu na gaske, cewa ikon Kabi ya taɓa kai nesa har ana kiran mutanen waɗansu ƙasashe aiki.

Roƙona ga malaman makarantu, da masu zagayawa da baƙi a gidan tarihi na Kanta a Argungu, shi ne su riƙa faɗin wanne ne aka samu a rubuce, wanne ne aka ji a baki, kada su bar ko ɗaya. Masu karatu na Gwandu da Augie da Jega kuma, in akwai wata kalma ta dā da dattawanku ke kiran irin wannan labari da ita, ku rubuto mu ji.

Naka,
Wani Akawu, Birnin Kebbi.