KASET ƊIN YAYA DA WAƘAR KIRSIMETIN ƘURUCIYATA

 Kwanan baya ina tsaye a tashar motar Gaya ina jiran abin hawa zuwa Ajingi, sai na ji wata waƙa tana tashi daga wayar wani yaro mai sayar da rake. Ban san lokacin da na ajiye jakata ba. Mota ta cika ta tafi ina tsaye, domin waƙar ta mai da ni shekarar 2004, sa'ad da nake ɗan shekara goma sha biyar.

Waƙar ita ce "Mary's Boy Child" ta ƙungiyar Boney M. Na tabbata da yawa daga cikinku kun san ta, ko da ba ku riƙe sunanta ba, gama da zarar Disamba ya kama za ka ji ta a shagunan Sabon Gari a Kano da gidajen rediyo.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gaya da Ajingi, mu 'yan gidaje kaɗan ne masu bi a tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi. A lokacin Yayana yana koyon kanikanci a Kano, ba ma ganinsa sai ran jajiberin Kirsimeti. Zai biyo ta Wudil ya sauka a Gaya, ɗan acaɓa ya ƙarasa da shi, ya iso fari fat da ƙura. A wannan shekara ya zo da rediyo mai kaset a cikin kwali, da batura shida, da kaset guda ɗaya tak.

An gama girbin dawa, rumbuna sun cika, hazo ya rufe gari. Muka hura wuta da kara a tsakar gida, Yaya ya danna. To, mu ba Turanci muke ji sosai ba, amma kiɗan ya shiga jikinmu. Da waƙar ta ƙare sai ya zare kaset, ya zura biro a ciki, ya miƙo mini in juya da hannu don kada batir ya ƙare. Daren nan na juya biro har wuyan hannuna ya yi tsami. Da safe muka shanya baturan a rana, wai su ƙara ƙarfi.

Baba kuwa dattijon ikilisiya ne, bai ji daɗin abin ba. Ya fito ya ce, "Kai, wannan ai kiɗan otal ne. A daren haihuwar Ubangiji za ka kawo mini shi gida?" Yaya ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, waƙar Yesu ce." Baba ya ce shi bai yarda ba sai Malam ya ji. Aka kira mai bisharar ƙauyenmu, ya kara kunnensa a jikin rediyo, ya saurara sau biyu, sa'an nan ya yi dariya ya ce, "Dattijo, ai Luka sura 2 ce suke rerawa. Ga Baitalami, ga makiyaya, ga mala'iku." Baba ya yi shiru, can ya ce to a rage ƙara. Kashegari bayan sujada, da muka kai wa maƙwabta shinkafa da naman akuya muka dawo, shi da kansa muka tarar yana tambayar Yaya wane maɓalli ake dannawa.

Sai da na shiga makarantar Littafi Mai Tsarki na bi diddigin waƙar. Ashe ba Boney M suka ƙirƙiro ta ba. Wanda ya rubuta ta shi ne Jester Hairston, baƙar fata ɗan Amurka, jikan bayi, wanda ya ɗora ta a kan salon kiɗan kalifso na tsibiran Karebiyan. Harry Belafonte ne ya fara fitar da ita a 1956, ta kuma hau kan gaba a jerin waƙoƙin Ingila a 1957. Bayan shekara ashirin da biyu da fitowarta, wato a 1978, Boney M suka sake ta da kiɗan disko, suka haɗa mata wani sabon ɓangare a ƙarshe, ta zama waƙa ta ɗaya a Ingila a Kirsimetin shekarar. A 1981 suka fitar da faifan Kirsimeti sukutum, shi ne wanda aka yi ta kwafa a kaset har ya iso ƙauyenmu.

Wani Bajamushe mai suna Frank Farian ne ya kafa ƙungiyar. Matan uku 'yan Karebiyan ne: Liz Mitchell da Marcia Barrett daga Jamaika, Maizie Williams daga Montserrat. Muryar Liz Mitchell ce take jan waƙar. Namijin da ke rawa, Bobby Farrell, ɗan Aruba ne, amma muryar namijin da ake ji a faifansu ta Farian ce. Farrell ya rasu ran 30 ga Disamba 2010, Belafonte a 2023, Farian kuma a Janairun 2024. Ku duba tafiyar da waƙar nan ta yi: daga zuriyar bayin da aka kwasa daga Afirka, ta bi ta Jamus, ta dawo ta sauka a tsakar gidan manomi a ƙasar Gaya.

Yaya ya rigamu gidan gaskiya a 2009 bayan gajeruwar rashin lafiya. Kaset ɗin yana nan cikin akwatina, zaren ya tsinke na ɗinke shi da man farce, rediyon kuwa ya daɗe da mutuwa. Na gane yanzu cewa ba kiɗan kaɗai nake kewa ba. Ina kewar ƙurar da ke girar Yaya, da hayaƙin kara, da Baba yana kaɗa ƙafa a ɓoye yana tsammani ba mu gani.

Amma ga abin da ya hana ni barci da na isa gida. Waƙar Boney M ba za ta ɓata ba, ko yaron mai rake yana da ita a aljihu. Waƙoƙin da Inna da 'yan Zumuntar Mata suke yi a wannan dare fa? Su ma suna da nasu na Kirsimeti, waɗanda suka tsara da bakinsu, suna buga tulu da caki, ba a Littafin Waƙoƙi suke ba, ba wanda ya taɓa rubuta su. Na tambayi ɗana mai shekara tara ya yi mini ɗaya, ya kasa. Ta Boney M kuwa ya iya ta daga farko har ƙarshe. Na gwada da kaina, baiti biyu kawai na tuna. A cikin matan da suka riƙe waƙoƙin nan, uku ne suka rage a ƙauyenmu, Inna ce ƙaramarsu.

Ba na cewa a daina jin waƙar baƙi, ni ma zan ji tawa bana in share hawaye. Roƙona ga matasa da 'yan Sabon Rai da 'yan'uwana katikis shi ne, in kun je gida Kirsimetin nan, ku zaunar da iyayenmu mata, ku ɗauki muryarsu a wayar da ke hannunku, ku rubuta kalmomin a littafi, ku koya wa yaran Makarantar Lahadi. Ni na riga na gaya wa Inna. Ta ce in zo mata da goro da sabon zane tukuna.

Allah ya kai mu ranar lafiya.