Tana Tana Noma

Ruwan farko in ya sauka a Yendi, wajen watan Mayu, ba ya zuwa shi kaɗai. Kafin a sallame sallar asuba sai ka tarar da su tana shimfiɗe a bakin kwata da gindin randa, jajaye, sumul-sumul, suna jan jiki kamar waɗanda aka tasa daga barci. Muna yara a zango mun sakankance daga sama suke faɗowa, tunda jiya babu su, yau ga su. Mukan saci gishiri a madafa mu barbaɗa wa ɗaya, mu tsuguna muna kallon yadda take murɗe-murɗe tana kumfa. Ran nan kakata ta ritsa ni a kai. Ba ta ko ɗaga hannu ba, cewa kawai ta yi, "Kai ɗan nan, me ta ci maka? Ko cizo ba ta iya ba."

Sai da na girma na san abin da gishirin ke yi mata. Tana ba ta da huhu, da fatarta take numfashi, kuma fatar ba ta shaƙar iska sai tana da danshi. Gishiri yana tsotse ruwan jikinta ne, ashe shaƙe ta muke yi muna dariya. Rana ma haka take mata, shi ya sa wadda gari ya waye mata a kan siminti takan bushe kafin azahar, tururuwa su yi biki. Fitowarta bayan ruwa kuwa, ramin ne kan cika iska ta yi mata ƙaranci, ga shi kuma tafiya a bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi tono sauƙi.

To ina take tun Nuwamba, lokacin da hunturu ya mai da ƙasar Dagomba kamar kasko? Tana nan ƙarƙashin ƙafarka. Takan nutsa can inda sauran laima take, ta shafe ɗan ɗakinta da yauƙin jikinta, ta ƙudundune kamar ƙullin zare, ta daina ci, ta jira wata biyar ko shida. Bahaushe ya ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Mutanen Salaga, garin da ya yi suna da ɗimbin rijiyoyi tun zamanin fataken goro, sun san gaskiyar wannan magana, amma tana ta riga su sani.

Ka ɗauki ɗaya ka ɗora a tafin hannu, in zuciyarka za ta iya. Jikin zobba ne jere da juna, ba ƙashi ko ɗaya. Ka shafa cikinta daga wutsiya zuwa kai, za ka ji ɗan kaushi: ƙananan gasu ne masu tauri da take kafawa a ƙasa, ta miƙa gaba ya sirance, ta tattaro baya ya yi kauri. Sannu ba ta hana zuwa. Ba ido, ba kunne, duk da haka in ka haska ta da tocila sai ta ja da baya, don fatarta na jin haske. Charles Darwin na Ingila, wanda ya shafe kusan shekara 40 yana bibiyar tana kafin ya fitar da littafi a kanta a 1881, ya sa an busa mata kayan kiɗa, ko gezau. Da ya ɗora tukunyar da take ciki a kan fiyano aka taɓa, nan take ta faɗa rami. Girgizar ƙasa take ji, kuma da ita take gane takun mai neman ta.

Hausa ta yi mata rajista a mace, har a rubutun boko sunanta ya zo ɗaya da "tana" ta aikatau, ka ce tana tana tono. Alhali kowace ɗaya mata-maza ce. Biyu kan haɗu su manne, kai da wutsiya, kowace ta ba 'yar'uwarta iri. Wannan ɗamarar mai kauri da ake gani kusa da kai ita ke fitar da wani zobe da zai zame ta gaban jiki, ya kwashi ƙwai, ya rufe ya zama ɗan ƙunshi kamar ƙwayar dawa. Daga nan 'ya'ya ke fitowa. Zancen da muke yi muna yara cewa in an sare ta gida biyu ta zama biyu, tatsuniya ce. Ɓangaren kai kan yi sa'a ya tofo sabuwar wutsiya, wutsiyar kuwa galibi mutsu-mutsu za ta yi ta mutu.

Wanda yake son ganin aikinta ya shiga gonar doya a gefen Salaga a tsakiyar damina, musamman ƙarƙashin kaɗanya ko ɗorawa inda ganye ke taruwa. Zai ga ƙasa ta yi ƙuraje da wasu 'yan hasumiyoyi na laka, kowace kamar tsawon yatsa, wasu da rami a tsakiya. Kashin tana ke nan. Ƙasa take haɗiya tare da ruɓaɓɓen ganye, ta niƙe su a wani ƙundu irin na kaza, ta narke abin da za ta narke, ta turo saura waje. Abin da ta turo ya fi ƙasar da ke kewaye da shi laushi da abincin shuka, kuma ruwa bai cika wanke shi da sauri ba. Ramukan da ta bari su ne hanyar ruwan sama zuwa ƙasa, su ne kuma saiwa ke bi. Wajen 1890 wani ma'aikacin Turawa a Legas, Alvan Millson, ya rubuta cewa albarkar gonakin ƙasar Yarbawa daga wannan kashi take, har masana suka laƙaba wa wani dangin tana sunansa, Millsonia. Manoman da ya gani suna zaɓen fili ba su jira rahotonsa ba, ba shakka. Akwai kuma wata 'yar asalin Afirka ta Yamma, Eudrilus eugeniae, ja mai sheƙi, mai saurin girma da haihuwa. Yau ana kiwonta a Indiya da Amurka a cikin akwatuna, tana mai da shara taki, ana sayar da ita da kuɗi. A gida kuwa abincin fatsa ce. Yaran bakin kogin Daka kan tono ta a cikin gwangwani su soka a ƙugiya, tarwaɗa ta zo ta tabbatar da cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

In ka bar Salaga ka bi ta Bimbilla da Yendi, ka haura dutsen Nakpanduri ka gangara Bawku, hasumiyoyin nan raguwa suke yi. Rani ya fi tsawo, ƙasa ta fi yashi da tsakuwa, mutane sun yi yawa har gona ba ta samun hutu. Karan gero da na dawa ba ya kwana a fili: wani ya tafi murhu, wani danga, wani bakin dabba. A irin wannan wuri gara ce ke riƙe da yawancin aikin juya ƙasa. Ita kam ta yi suna, malaman tafsiri na ambatonta a ƙissar sandar Annabi Sulaimanu, masu zabi na haƙo ta don 'yan tsaki. Tana ba mai yi mata kirari. Amma ba ta bar Bawku ba. Ka duba gonar bayan gida ta Kusasawa, inda ake zuba kashin shanu da toka da sharar tsakar gida, ko fadamun albasa na bakin Farin Volta da Tamne inda ake ban ruwa duk rani. Sara ɗaya na garma zai nuna maka ita. Inda aka bar wa ƙasa abinci da inuwa, nan take zama.

Wani abin da ya ɓata mata suna shi ne kurkunu. Dattawan Yendi da Gabashin Gonja ba su manta yadda yake kwantar da magidanci a tsakiyar shuka ba, ana naɗe farin zare a tsinke daga ƙafarsa. Duk abin da ya yi kama da shi sai a tsane shi, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ba danginta ba ne. Shi ta ruwan sha yake shiga, ita ba ta zama a jikin mutum. Ghana ta ga mai kurkunu na ƙarshe a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da rabuwarta da shi a 2015.

Abin da ke korar tana daga gona mu ne. Kowace shekara da kaka ta wuce sai a cinna wa daji wuta, wani don gafiya da zomo, wani don ragon sharar gona. Wutar ba ta cika kai wa gare ta a rami ba, abincinta take cinyewa, ta bar ƙasa tsirara ga rana. Ga maganin feshin da manoma ke kira kondem, mai share fili fes a kwana kaɗan, ga tarakta mai kife ƙasa ta datse ramuka. Sai ruwa ya zo ya tarar da ƙasa ta daskare, ya bi gangare da abin da ya samu, mai gona kuma ya tafi layin takin zamani yana ƙorafin tsada. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Manomin Salaga da na Yendi da na Bawku, bana ka ware ko kunya goma ce, kada ka ƙone, kada ka kwashe karan, ka zuba musu abin da aka share daga turke. In Agusta ya yi, ka je da fartanya ka sara sau ɗaya a can, sau ɗaya a inda wuta ta ci, ka ƙirga da kanka.