Kafin a Rushe Bango

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yadda ake zama da tsagar bango. Kafin damina ta faɗi sai a kwaɓa ƙasa a cusa, a yi yaɓe, a gyara indararo. Shekara ta zagayo tsagar ta sake buɗe baki, a sake yi. Wata rana maigida ya gaji, ya kira magini ya ce: "Malam, rushe min bangon nan a yi sabo, yaɓen ya ishe ni." Maginin da ya san aikinsa ba ya ɗaukar diga nan take. Zai zagaya, ya ƙwanƙwasa, ya duba harsashi, ya hau soro ya ga inda ruwa ke kwanciya. Gajiyar maigida gaskiya ce, amma ba ita ke nuna inda ɓarnar take ba.

Haka mai tsohon ciwon baya yake isa gaban likitan tiyata. Ya sha maganin basir, domin a wurinmu duk ciwon da ya sauka a ƙugu, basir ake fara ɗora wa laifi, in ba shi ba to sanyi. An yi masa ƙaho, an mulke shi da man zafi, ya shanye diclofenac da ibuprofen har ciki ya fara ƙuna, wani ma ya gangara ga tramadol. Ya je gashin ƙashi ya daina. Salla ta koma a zaune. Sai ya ce: "Likita, a yi min aiki kawai in huta." Ba mai ganin laifinsa. Sai dai ƙin jin magani shi kaɗai bai isa hujjar a sa wuƙa ba. Dole a samu abin da wuƙar za ta je ta gyara.

Ga yadda ginin yake. A ƙasan gadon baya akwai ƙasusuwa biyar jere, tsakanin kowane biyu da faifan guringuntsi mai taushin ciki, jijiyoyin ƙafa kuma ta gefensu suke fitowa. Faifai biyun ƙarshe, waɗanda likita ke rubutawa L4-L5 da L5-S1, su suka fi ɗaukar nauyi, su kuma suka fi bullowa. A 1934 wasu likitoci biyu a Boston ta Amurka, Mixter da Barr, suka bayyana cewa faifan da ya fashe ya danne jijiya shi ke jawo ciwon nan mai bin ɗuwawu zuwa ƙafa, kuma ana iya cire shi. Daga nan tiyatar faifai ta samu gindin zama.

Hoton MRI ya zo da alheri, ya kuma zo da ruɗani. Mutum ya karɓi takarda ya ga an rubuta faifai ya bullo, faifai ya zaizaye, sai hankalinsa ya tashi. A wani bincike da aka buga a 1994, an ɗauki hoton mutum 98 a Amurka waɗanda bayansu lafiya lau yake, ba sa jin komai. Fiye da rabinsu aka ga faifai ya kumburo, kuma kashi 36 cikin ɗari ne kacal hotonsu ya fita fes. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna zaizayewar faifai a kashi 37 na 'yan shekara 20 marasa ciwo, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Ka bi layi a tsohuwar unguwa ka nemi bangon da ba shi da tsaga, ba za ka samu ba, gidajen kuwa suna tsaye da mutanensu a ciki. Tsagar da ido ya gani ba lalle ita ke kawo yoyo ba. Ana iya toshe ta da kyau, marka ta zo ruwa ya ci gaba da ɗiga a kan gado.

Inda tiyata ta fi cika alkawari shi ne idan ɓarnar tana da suna da wuri. Ciwon ƙafa ya fi na baya tsanani, yana bin hanya ɗaya har yatsu, da sagewa ko rauni, hoto kuma ya nuna faifai zaune kan ainihin jijiyar da ke kai wa wannan wurin. Wannan azara ce ta sauko ta danne ƙyaure: ɗage ta, ƙofa ta buɗe. Ko a nan ma akwai abin lura. A wani bincike da aka buga a 2007, likitoci a Holan sun raba masu irin wannan ciwon su 283 gida biyu, wasu aka yi musu aiki da wuri, wasu aka ci gaba da magani da jira, sai wanda ya kasa daurewa a yi masa daga baya. Waɗanda aka yi wa da wuri sun riga samun sauƙi. Bayan shekara guda, kashi 95 a kowane ɓangare sun ce sun warware. Abin da aikin ya sayo musu shi ne lokaci, kuma ga direban babbar mota ko tela mai iyali, watanni uku na zaman gida ba ƙaramin abu ba ne. Haka tsofaffin da hanyar jijiya ta tsuke musu, waɗanda ba sa iya kaiwa masallaci sai sun tsaya sun sunkuya, sau da yawa faɗaɗa hanyar yana dawo musu da tafiya.

Rigimar tana ga ciwon da ya tsaya a baya kawai, shekara da shekaru, ba jijiyar da za a nuna da yatsa. Aikin da aka fi kawowa a nan shi ne haɗe ƙasusuwa biyu da kusoshi da sandunan ƙarfe har su zama ɗaya. A ido abin yana da ma'ana, kamar a ce wannan sashen bangon a zuba masa siminti a huta. Magina sun san abin da ke biyo baya: simintin ba ya motsi, ƙasar gefensa tana motsi, sai sabuwar tsaga ta fito a mahaɗa. Gaɓar da aka ƙame takan tura wa maƙwabtanta nauyi, wasu su dawo bayan shekaru da ciwo a sama da wurin. A Birtaniya an gwada a kan mutum 349, aka buga sakamakon a 2005: tsakanin haɗe ƙashi da tsararren shirin motsa jiki mai tsanani, bambancin bayan shekara biyu kaɗan ne ƙwarai. Tun 2016 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idar magani a Ingila, ta ce kada a yi wannan aikin don ciwon baya zalla sai cikin bincike. Ni dai ina ganin wanda aka yi wa tayin ƙarfe saboda irin wannan ciwon, ya kamata ya ji ta bakin likita na biyu kafin ya sayar da fili.

Akwai kuma inda jira kansa ganganci ne. Fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba, bayan gida ya kuɓuce, tsakanin cinyoyi ya sage, ƙafa tana mutuwa kullum: wannan asibiti ake nufa a ranar, ba gobe ba. Ciwon baya da zazzaɓin dare, gumi da rama, a ƙasarmu sai an tuna da tarin fuka, domin yana cin ƙashin baya har ya karya shi ya fito da doro. Maganinsa na watanni ne, kuma wanda ya tsaya ƙaho zai iya rasa ƙafafunsa.

Ana yin waɗannan ayyuka a gida, a Asibitin Ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato, masu hali kuma suna tafiya Indiya ko Masar. Ko ina mutum ya nufa, ya tambayi likitan kai tsaye: wane ciwon aikin zai ɗauke, na ƙafa ko na baya? In ban yi ba, me zai faru nan da shekara? Mai tafiya waje ya ƙara da neman likitan da zai karɓe shi in ya dawo, don wurin aiki kan yi ruwa bayan an sauka daga jirgi, gashin ƙashi kuma watanni yake ɗauka. Mai shan taba ya sani tun da wuri cewa taba na hana ƙashin da aka haɗa kamawa, har wasu likitocin ba sa yarda su sa ranar aiki sai ya bari.