TANKIN MAI NA BIYU A MOTAR ƘUNGIYA: A YI LISSAFI KAFIN A KIRA MAI WALDA

Ƙungiyar gama kai da ta mallaki mota mai jan ƙafa huɗu a yankin Kurgu da sauran ƙasar Bagudo ta san amfaninta. Ita ce ke kawo taki da iri, ita ke kwaso shinkafa daga fadamun bakin Kwara, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Amma hanyoyin ƙauyukan da ke wajen Ka'oje, Illo, Lolo da Tsamiya taɓo ne da damina, yashi ne da rani, gidan mai kuwa ba kusa ba. Shi ya sa akan ta da maganar ƙara wa mota tanki na biyu. Ga wasu ƙungiyoyi dabara ce mai kyau. Ga wasu ɓarnar kuɗi ce. In kuwa aka yi ta da ganganci, tana iya jawo asarar motar ɗungum.

ABIN DA YA SA MAI KE WUYA A BAKIN IYAKA

Shekara da shekaru fetur ya fi araha a Nijeriya bisa ga Jamhuriyar Benin, don haka 'yan fasa-ƙwauri suka yi ta tsallakawa da shi. A watan Agusta 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba na wannan shekara kuma Hukumar Kwastan ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Manoman bakin iyaka suka koma hannun 'yan bumburutu. Sa'an nan ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Darasin shi ne, motar da ke iya cika cikinta a gidan mai na gari, ta je ta dawo ba ta sayi na kwalba ba, ta tsere wa tsada da gurɓataccen mai.

KU FARA DA LISSAFI

Kada a yanke shawara da ka. A ba direba ƙaramin littafi. Duk sa'ad da ya sha mai ya cika tanki fal, ya rubuta lita nawa ya sha, da lambar da agogon tafiya ya nuna. Bayan wata guda magatakarda zai iya fitar da lita nawa motar ke ci a kilomita 100. A yi wannan awo da damina, domin taɓo da ƙaramar giya su ne ke shanye mai.

Ga misali. Tsohuwar gajeriyar Land Rover tana da tankin galan 10, watau lita 45, a ƙarƙashin kujerar gaba. A ce tana cin lita 20 a kilomita 100 cikin taɓo. In aka ware kashi ɗaya cikin huɗu don ko-ta-kwana, abin da ya rage ba zai wuce kilomita 170 ba, zuwa da dawowa. Wannan mota tana bukatar ƙari. Amma Hilux ta zamani mai tankin lita 80, a ce tana cin lita 15, za ta yi kilomita 400 kafin ta taɓa na ajiya. In tafiyarku mafi nisa ba ta kai haka ba, to, ku ajiye kuɗinku ku sayi taya.

Sai kuma nauyi. Lita 80 ta man gas ta kai kilo 67, ta fetur kuwa wajen kilo 60. In aka haɗa da ƙarfen tankin, an kusa buhun shinkafa guda. Wannan buhu ne da za a riƙa ragewa a kowane lodi, in ba haka ba sifirin ne zai biya.

IN AN TABBATA ANA BUKATA

Tanki biyu ba baƙon abu ba ne. Land Rover ta soja takan zo da tanki ɗaya a ƙarƙashin kowace kujerar gaba, wasu Land Cruiser kuma suna fitowa daga kamfani da tanki biyu na lita 90 kowanne. Abin da ke kawo hatsari shi ne aikin gaggawa. Kwamiti ya tsaya a kan waɗannan:

1. Sabon ƙarfe. Kada a yarda a yi wa tsohon tanki ko duro da ya taɓa ɗaukar fetur walda. Ko ya yi wata a bushe, tururin da ya rage a ciki yana fashewa.

2. A sa shinge biyu ko uku a cikin tankin, masu ƙofa daga ƙasa. Tankin da ba shinge, in mai ya yi rabi, yakan riƙa tunkuɗar mota a kwana da gangara.

3. A ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen gindin mota, da roba a tsakani, nesa da salansa. Kada ya sauko ƙasa da sauran kayan gindin motar, kuma a sa masa farantin kariya saboda kututture da duwatsu. Ba a sa tankin fetur a inda mutane ke zama, ba a kuma ɗora shi a kan rufi.

4. A yi masa bututun numfashi, a kai bakinsa sama inda ruwan rafi ba zai kai ba.

5. A yi amfani da tiyon mai na ainihi. Tiyon ruwa yana narkewa.

Hanyar haɗawa iri biyu ce. Ta farko, a sa ɗan famfon lantarki mai tura mai daga sabon tanki zuwa na asali. Ita ce ta fi sauƙi, sai dai direba ya jira na asali ya sauka ƙasa da rabi, ya kuma tuna ya kashe famfon, don kada mai ya malala. Ta biyu, a sa makunnin da ke zaɓar tankin da inji zai sha. A nan sai a yi hankali: injin gas yana mayar da ragowar mai ta wani tiyo dabam. In ba a juya tiyo biyun tare ba, inji zai sha daga tanki ɗaya ya zuba a ɗayan har ya yi ambaliya. Kowace aka zaɓa, a sa filta mai tare ruwa a tsakani, domin ɗan ruwa kaɗan yana lalata famfon injin gas na zamani, gyaransa kuwa ba araha.

Kada a cika fal har baki. Fetur yana kumbura wajen kashi ɗaya cikin ɗari a duk ƙarin zafi na digiri 10. A riƙa amfani da tankunan biyu bi da bi, gama man da ya daɗe a zafi yakan lalace.

JARKA FA?

Ƙungiyar da tafiya mai nisa ba ta kama ta sai sau biyu ko uku a shekara, jarkar ƙarfe biyu na lita 20 sun ishe ta. A yi musu mazauni a bayan mota, a ɗaure su a tsaye. Jarkar man gyaɗa ta roba ba ta fetur ba ce. A sauke jarka ƙasa kafin a cika ta, a kashe inji kafin a juye, kuma kada mai taba ya matso. Abin kashe gobara ya kasance kusa da hannun direba.

MAGANAR KWASTAN

Wannan ita ce ta fi shafar mu mutanen iyaka. Ɓoyayyen tanki yana cikin dabarun masu fasa-ƙwaurin mai, jami'ai kuma sun san haka. Motar da aka tare a hanyar Tsamiya mai fita Segbana da tankin da ba bayani, ana iya tsare ta, shinkafa tana jira a gona. Saboda haka bakin tankinku ya kasance a fili. A rubuta sunan ƙungiya a ƙofar mota. Kafin a fara aiki, shugaba da magatakarda su je wurin jami'an duba motoci da ofishin Kwastan mafi kusa, su ji abin da doka ta yarda da shi. Rasit na gidan mai da littafin direba su zauna a cikin mota kullum.

A kuma kafa doka a rubuce: man tanki na mota ne. Ba a zuƙe shi don injin ban-ruwa na wani, ba a sayar wa kowa, ko da ɗan kwamiti ne. Ma'aji ya riƙa gwada rasit da littafi a ƙarshen kowane wata.

A taronku na gaba, ku sayi littafin nan ku miƙa wa direba. Bayan wata guda ku zauna da lissafin a gabanku, sa'an nan ku zaɓa: tanki, jarka, ko kuwa a bar motar yadda take.