Gyaran Datsiya Bayan Ambaliya

Manyan madatsun ruwa aikin gwamnati ne. Sa'ad da ta Bagauda a ƙasar Kano ta ɓalle a 1988, da sa'ad da ruwan Alau ya shiga Maiduguri cikin watan Satumba na 2024, ba abin da talaka zai iya yi da fartanyarsa. Amma akwai ƙaramar datsiya wadda mu da kanmu muke yi a rafi, da ƙasa da turaku da buhuna, don ruwa ya tashi ya bi hanyar da muka haƙa masa zuwa lambuna. A kanta za mu yi magana. In ambaliya ta cinye ta, ba mai zuwa daga birni ya gyara mana.

Da fari mu lura da lokaci. Alkama tana son sanyin hunturu, shi ya sa ake shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. In ta makara, zafin bazara ya same ta ba ta cika ba, sai ƙwayar ta ƙanƙance. Saboda haka da zarar ruwa ya janye cikin Oktoba, sai mai unguwa ya kira gayya. Kowane mai lambu ya zo, ko ya aiko da wani. Gaskiya ne lokacin girbi ne, hannu ya yi kaɗan, amma kwana biyu ko uku ba za su hana dawa shiga rumbu ba.

To, ga kuskuren da yawancinmu muke yi. Mukan ga inda ta fashe, mu zuba ƙasa mu cike, mu koma gida. Baɗi ta sake fashewa a wurin nan, mu ce rafin nan ba ya jin magana. Laifin ba na rafi ba ne. Kafin a ɗauki shebur, a tsaya a duba ta inda ruwa ya ci ta.

Sau da yawa ba ta gaba ruwa yake karya datsiya ba, ta baya ne. In ya haura ta ya faɗo, sai ya riƙa haƙa rami a gindinta, har ƙasa ta rasa abin da za ta tsaya a kai, ta zube. Wani lokaci kuma gaɓa yake zaizayewa ya zagaye, ya bar datsiya tsaye a tsakiyar yashi ba amfani. Akwai kuma ramin gafiya da na ƙaguwa. Da ɗan yoyo yake farawa. In kun ga ruwan da ke fita ta bayan datsiya ya yi launin ƙasa, to, ƙasar cikinta yake ɗauka, kada a bari ya kwana.

Ga yadda ake aikin. A karkatar da sauran ruwan zuwa gefe tukuna. A kwashe yashi da saiwoyi da ruɓaɓɓen itace daga wurin da ya fashe, a haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri. A sassare bakin tsohuwar ƙasa kamar matakala, don sabuwa ta kama ta. Sa'an nan a kawo laka mai danƙo. Yashi ba ya tare ruwa, ko da shi ne a kusa. A zuba kaurin inci 6, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai kamar daɓen ɗaki, kana a ƙara wani. Wannan shi ne wurin da samari sukan gaji su fara jibgawa, sai dattijo ya tsaya a kansu.

Buhu kuwa kada a cika shi maƙil. Kashi biyu cikin uku ya isa, don ya kwanta ya rungumi ɗan'uwansa. A naɗe bakin a ƙarƙashi, a jera su kamar tubali, kowane ya hau kan mahaɗar biyu. Rana tana cin buhun leda, sai a rufe su da ƙasa.

Kowane gefe na datsiya a shigar da shi cikin gaɓa, kamar taku uku ko fiye, don ruwa ya rasa ta inda zai zagaya. A bar wuri ɗaya wanda bai kai sauran tsawo ba, watau makwarara, inda ruwa zai wuce in ya yi yawa. A bayanta a shimfiɗa manyan duwatsu inda ruwan zai faɗa. In an sami ragar waya a ɗaure su ciki, ya fi, malamin gona zai nuna yadda ake yi. A dasa jema a gaɓa, saiwarta tana riƙe ƙasa.

Makwarara tana da wani amfani. Mutanen ƙasa da mu su ma suna da lambuna, makiyaya kuma suna shayar da shanu. In muka tare rafi duka, da dare wani zai zo ya fasa, a ƙare a gaban alƙali.

Saura hanyar ruwa. Ambaliya takan cika ta da yashi. A yashe ta tun daga bakinta har lambun ƙarshe, a zubar da yashin nesa da baki, in ba haka ba ruwan farko zai mai da shi ciki. Ran da aka saki ruwa, mutum biyu su bi shi da fartanya, su ga ya kai fangalin wanda ke can ƙarshe.