Cokalin Mai Jinya: Ciyar da Wanda Haɗiya Ta Yi Wa Wuya

 Shirinmu na yau na masu jinya ne, wato matar da mai gidanta ya kwanta, da ɗan da ya bar gona ya tare a asibiti saboda mahaifinsa, da jikar da aka ɗora wa ɗawainiyar kakarta, waɗanda kowace safiya sukan ɗauki kwano da cokali da kyakkyawar niyya, alhali babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu cewa ciyar da mutumin da haɗiya ta yi wa wuya ilimi ne mai ƙa'idoji, kuma rai yana iya salwanta idan aka saɓa musu.

Ina roƙon mai sauraro ya ɗora yatsa a kan maƙogwaronsa, sa'an nan ya haɗiyi yawu. Ka ji abin da ya yi sama ya dawo? To, Allah Maɗaukakin Sarki, cikin hikimarSa, Ya haɗa hanyar numfashi da hanyar abinci a maƙoshi kamar mararraba, ta iska a gaba, ta abinci a bayanta, kuma duk sa'ad da loma za ta wuce sai maƙogwaro ya ɗaga, wani ɗan marfi ya rufe hanyar huhu, numfashi ya tsaya na kamar daƙiƙa guda, tsokoki fiye da 30 su yi aiki bi da bi bisa umarnin ƙwaƙwalwa, har lomar ta gangara ciki lafiya. Mai lafiya yana yin wannan sau ɗaruruwa a yini bai ko sani ba. Amma idan cuta ta taɓa ƙwaƙwalwa ko jijiyoyin nan, sai marfin ya makara, ruwa ya riga shi, ya faɗa huhu.

Mafi yawan abin da ke jawo haka a ƙasarmu shi ne shanyewar ɓarin jiki, domin kusan rabin waɗanda ta kama sukan sami matsalar haɗiya a kwanakin farko, ko da yake da dama sukan sami sauƙi cikin makonni. Babban sababin shanyewar kuwa hawan jini ne, kamar yadda wani bincike da aka yi a Najeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya tabbatar a 2018. Akwai kuma rikicin tsufa, da ciwon karkarwa, da sankarar maƙoshi, da yaran da ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni wajen haihuwa ko saboda shawara.

Abin da ya fi tsoratar da ni a wannan mas'ala shi ne, ba kowane wanda abinci ya bi masa ta huhu ke ƙwarewa ba. Wani zai yi tari, idanunsa su kawo ruwa, kowa ya gane. Wani kuwa, da yake cutar ta kashe jin maƙoshinsa, kunu zai zurara cikin huhunsa shiru, ba tari ba motsi, mai jinya tana murna ta ga kwano ya ƙare. Sai bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya taso, numfashi ya yi sama-sama, a ce sanyi ya kama ƙirjinsa. Wannan ita ce nimoniya, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shanyewar jiki bayan sun tsallake bugun farko. Saboda haka a saurari muryarsa bayan ya haɗiya. Idan ta fito a jiƙe, tana gurgura kamar akwai ruwa a wuya, a dakata. Zan maimaita domin mai aiki a madafa da ba ta ji ba: murya mai gurgura bayan haɗiya, a ajiye cokali.

A 1998 wata masaniya mai suna Susan Langmore da abokan aikinta a jihar Michigan ta Amurka suka bi diddigin tsofaffi 189, suna neman sanin wanda ya fi faɗawa wannan nimoniya. Kowa ya zaci raunin haɗiyar ne zai zo a gaba. Abin mamaki, sai suka tarar abin da ya fi nuna haɗari shi ne mutum ya kasance wani ne ke ba shi abinci a baki, sa'an nan wanda wani ke wanke masa baki, da mai ruɓaɓɓun haƙora. Ku duba wannan da kyau, jama'a. Ashe rabin lamarin yana hannun mai riƙe da cokali. A asibitocinmu kuwa, daga babban asibitin Ƙanƙara zuwa na Funtuwa, har Shika, sanin kowa ne dangi ke kawo abinci kuma su ke bayarwa, domin nas ɗaya ba ta iya kewaye gadaje masu yawa da cokali. Balle a ƙauyukan Sabuwa da Faskari, inda rashin tsaro ya sa ba a bin hanya idan duhu ya yi, har ɗakin tsohuwa ya zama shi ne asibitin, surukarta kuma ita ce ma'aikaciya.

A nan nake son in ɗan daɗe, domin akwai wata ƙissa a Sahihul Buhari da ta daɗe tana yi mini yawo a zuci. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa a rashin lafiyar ƙarshe ta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mutanen gidansa sun zuba masa magani ta gefen baki, yana yi musu nuni da kada su yi, su kuwa suka ɗauka ƙin magani ne irin wanda aka saba gani ga marar lafiya, suka ci gaba. Da ya farfaɗo sai ya tuhume su a kan haka, ya yi umarni a yi wa duk wanda ke ɗakin irin abin da aka yi masa, ban da baffansa Abbas wanda bai halarta ba. Waɗannan fa mutane ne da babu mai son sa kamarsu a bayan ƙasa, kuma son ne ya sa su. Malamai suna da sharhi mai faɗi a kan wannan hadisi, ni abin da na ɗauka a ciki shi ne nunin marar lafiya magana ce, kuma haƙƙinsa ne a saurare ta. Tirmizi da Ibn Majah ma sun ruwaito hani a kan tilasta wa marasa lafiya ci da sha.

To, ina wannan, ina al'adarmu ta ɗura? Uwa ta kwantar da yaro a cinya, ta toshe masa hanci, ta tara kunu a tafin hannu, yana kuka yana haɗiya. Na san ba ƙiyayya ba ce, tsoron yunwa ne da zafin zuciyar uwa. Amma yaron da aka toshe wa hanci dole ya ja iska ta baki, kuma kunun da ke bakin shi zai ja tare da ita. Haka wanda ke ɗaga kan dattijo ya zuba masa ruwa da bakin buta yana kwance rigingine. Don Allah a bar ɗura, ga yaro da babba.

Ga yadda ya kamata. Kafin a kawo kwano, a tabbata mutum a farke yake sarai. Mai gyangyaɗi ko magagi ba a sa masa kome a baki, ko ɗigon ruwa. A tashe shi zaune sosai, a tokare bayansa da ɓangaren da ya shanye da matashi, kansa ya ɗan sunkuyo, kada haɓa ta kalli sama. Mai jinya ta zauna daidai da shi, kada ta tsaya a kansa, domin idan tana tsaye zai ɗaga kai ya dube ta, hanyar huhu kuwa sai ta buɗe. A kashe rediyo, har wannan shirin namu, a sallami masu gaisuwa, saboda ladabin dattijo ba zai bar shi ya yi shiru ba idan aka ce masa ina kwana, zai amsa da loma a baki. Ta ce masa, Baba, ga kunu, bismillah. Ta ɗebo da ƙaramin cokali, ta sa ta gefen da ke da lafiya, ta jira ta ga maƙogwaro ya hau ya sauko, ta duba bakin ya zama fayau, kana ta ƙara. Idan ya gaji a tsaya, a ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini. Wanda hannunsa ke iya riƙe cokali a bar shi ya ci da kansa, a tallafa masa kurum, ya fi aminci kuma ya fi kiyaye mutuncinsa. In an gama a leƙa cikin kumatu, domin abinci kan maƙale a gefen da ya shanye bai sani ba, sa'an nan ya ci gaba da zama aƙalla minti 30.

Game da irin abincin, ruwa tsululu ya fi kome wuya ga da yawa daga cikin masu matsalar haɗiya, saboda yana gudu. Tun 2015 masana na ƙasashe suka daidaita ma'auni mai matakai 8, daga ruwa zalla zuwa abinci irin na kowa, kuma gwajinsu mai sauƙi ne: a ɗebo da cokali a karkata, abin da ya zauna a dunƙule, ya zame gaba ɗaya bai manne ba, shi ake nufi da abinci mai laushi. Alhamdu lillahi, madafarmu ba ta rasa irinsa ba: koko mai kauri, kunun gyaɗa da aka tace, faten dankali ko na wake da aka dama lilis, kabewa, ayaba, tuwo mai taushi da aka murje cikin miyar kuka har danƙonsa ya mutu. A nisanci dambu da ƙuli-ƙuli da kilishi da gyaɗa da goro, da kifi mai ƙaya, da fura mai gudaji, domin ruwa da gudaji a kurɓi ɗaya aiki biyu ne ga maƙoshin da ɗaya ma ya gagare shi. Sai dai kauri ba dacewar kowa ba ne, kuma wanda aka kaurara wa abin sha yakan rage sha har ƙishirwa ta yi masa illa, don haka likita ko nas su gwada haɗiyarsa su faɗi matakin da ya dace, a kuma riƙa duba fitsarinsa, in ya yi ja ya ƙaranta a koma musu.

Sai batun tsabtar baki: a cikin waccan rashin lafiya ta ƙarshe dai, Buhari ya ruwaito cewa Annabi yana jingine da ƙirjin A'isha sai ɗan'uwanta Abdurrahman ya shigo da asuwaki, ta ga yana duban sa, ta karɓa ta tausasa masa ya goge baki da shi. A Japan, cikin gidajen kula da tsofaffi 11, an bi mutum 417 shekara biyu, aka buga sakamakon a 2002: waɗanda ake goge wa baki bayan kowane cin abinci kashi 11 cikin 100 suka kamu da nimoniya, sauran kuwa kashi 19. Dalili shi ne yawun da ke zurara huhu yana tafe da ƙwayoyin cutar baki. A goge haƙora da harshe da buroshi mai laushi ko tsumma mai tsabta da aka matse, ba tare da kurkura ba ga wanda ba ya iya tofarwa, ko da ba ya cin kome ta baki.

Lokaci yana korar mu, bari in taƙaita. Ruwan rubutu ko zamzam, ga wanda ba ya cikin hayyacinsa, a shafa masa a leɓe da jiki, kada a zuba. Ƙwayar magani kada a daka sai an tambayi likita ko mai harhaɗa magani, domin wasu, har cikin na hawan jini, an yi su ne su narke a hankali. Robar hanci ta ba da abinci kuma, wadda mutanenmu ke gudu suna cewa duk wanda aka sa wa ba ya tashi: tsananin ciwon ne ya kawo ta, ba ita ta kawo shi ba, kuma sau da yawa ta ɗan lokaci ce har haɗiya ta dawo. Idan mutum ya shaƙe yana iya tari, a bar shi ya yi. In murya ta ɗauke, a sunkuyar da shi a bugi tsakanin kafaɗunsa sau 5, in bai fito ba a rungumo shi ta baya a danna saman cibiya ciki da sama sau 5, kada a ba shi ruwa, kada a lalubi maƙoshi da yatsa.

Ma'aikatan asibitocinmu, ina roƙonku kada ku sallami mai shanyewar jiki sai kun sa mai jinyarsa ta ba shi abinci a gabanku kun gyara mata. Masu jinya kuma, in kun ga zazzaɓi da saurin numfashi, ku kama hanyar asibiti tun da sauran rana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.